Abin da Zaman Bremen Ya Nuna Mini Game da Tazarar Mai Shi da Mara Shi

Na sauka a birnin Bremen da ke arewacin Jamus ina ɗauke da takardar shaidar aikin jinya da shekaru masu dama na aiki a asibitin gwamnati, amma dokar ƙasar ba ta yarda in riƙe allura da sunan ma'aikaciyar jinya ba sai an tantance takarduna, an gwada karatuna da nasu, kuma na ci jarrabawar Jamusanci a matakin da suke kira B2. Kafin hakan ta tabbata, aikin mataimakiya aka ba ni a wani gidan kula da tsofaffi, inda nake yin wanka da ciyarwa da sauya shimfiɗa, ina juya wanda ba ya iya juyawa da kansa don kada bayansa ya yi gyambo. Ban raina aikin ba, domin duk wanda ya yi jinya ya san cewa a nan ne asalinta yake. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne albashina na farko. Ina mataimakiya wadda ba ta gama iya haɗa jimla ba, bayan an cire haraji da kuɗin inshora, abin da ya shiga asusuna ya ninka sau da yawa abin da nake samu a ƙasata lokacin da nake shugabantar ɗakin marasa lafiya guda. Hannuwana su ne dai waɗanda na taho da su, ilimina bai ƙaru ba, hasali ma nauyin da ke kaina bai kai wanda na sauke na taho ba. Ƙasar da nake tsaye a kanta ce kawai ta canza.

Wannan ba lamarina ni kaɗai ba ne. Branko Milanovic, masanin tattalin arziki wanda ya daɗe yana bincike a Bankin Duniya, ya nuna cewa fiye da rabin bambancin kuɗin shiga da ke tsakanin mutanen duniya ana iya gano shi ta hanyar sanin abu guda, wato ƙasar da mutum yake zaune, kuma galibin mutane suna zaune ne a inda aka haife su. Ma'ana, kafin a zo maganar ƙwazo ko lalaci, kafin a zo maganar basira, an riga an yanke mafi girman kaso na rabon mutum a ranar da aka haife shi, a kan abin da ba a yi shawara da shi ba. Rahoton rashin daidaito na duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 na mutanen da ke sama suna kwasar kashi 52 na kuɗin shigar duniya, rabin al'ummar duniya da ke ƙasa kuwa kashi 8.5 kacal suke samu. Idan aka koma kan dukiyar da aka tara, abin ya fi muni, domin na sama suna riƙe da kashi 76, rabin duniya kuma suna raba kashi 2 a tsakaninsu. Irin waɗannan alƙaluma sukan shiga ta wannan kunne su fita ta wancan idan ana karanta su a labarai, amma wanda ya riƙe takardun albashi biyu na aiki iri ɗaya daga nahiyoyi biyu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Zaman farko a Jamus zaman takardu ne. Sai ka yi rajistar gidan da kake zaune a hukumar birni kafin komai ya yiwu, sannan wasiƙu su fara sauka a akwatinka, na haraji da na inshora da na hukumar baƙi, kowacce da wa'adinta, kuma ba wanda zai karɓi uzurin cewa ba ka gane abin da aka rubuta ba. Akwai kwas da gwamnati ta tsara wa baƙi, awa 600 na harshe da awa 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasa. A ajinmu akwai mai haɗa magunguna daga Siriya, da malamar makaranta daga Afganistan, da wani saurayi ɗan Eritiriya wanda ba ya yawan magana. A darasin dokoki aka karanta mana sashe na farko na kundin tsarin mulkin ƙasar na 1949, wanda ya ce mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne, kuma kare shi wajibi ne a kan kowace hukuma. Ba wanda ya nuna wani ɗoki a cikinmu, domin kowannenmu ya fito daga ƙasar da kundinta ke ɗauke da kalmomi masu daɗin ji, kuma mun san nisan da ke tsakanin takarda da aiki.

Ba a aji na gamsu ba, a asibiti na gamsu. Wani dare na hunturu numfashin ɗana ya sarƙe, ƙirjinsa yana lotsawa tsakanin haƙarƙari, leɓunansa sun fara sauya launi. Na san abin da nake gani, kuma sanin ne ya ƙara mini tsoro. Da muka isa sashen gaggawa, matar da ke teburin karɓa ta nemi katin inshorar lafiya, ta saka shi a na'ura, ta miƙo mini, kafin in mayar da shi jaka an riga an ɗora wa yaron abin shaƙar iska. Ba wanda ya tambaye ni aikin da nake yi, ba wanda ya ce in ajiye kafin alƙalami, ba a rubuto mini jerin kayan da zan je in sayo ba. Ina zaune a gefen gadon ina kallon lambar iskar jininsa tana hawa a kan allo, sai hannuna ya tuna mini da abin da ya saba yi. Na sha yagar takarda in rubuta safar hannu da ruwan ƙari da zaren ɗinki, in miƙa wa miji, shi kuma ya fita neman rance cikin dare alhali matarsa tana zubar da jini a kan gado. Ba mugunta ce ta sa muke yin haka ba, kabad ɗin ne babu komai a ciki. Wasu mazan sun dawo a kan lokaci, wasu ba su dawo a kan lokaci ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya a Afirka kudu da Sahara suke, kuma a yankin, cikin yara 1,000 da aka haifa, kimanin 70 ba sa kai shekara biyar, alhali a Jamus adadin bai wuce huɗu ba.

Tun daga wannan dare na daina ƙorafi kan kuɗin da ake cirewa a albashina, kodayake ba kaɗan ba ne. Inshorar lafiya ta gwamnati tana ɗaukar kashi 14.6 cikin 100 na albashi da ɗan ƙari a kai, ma'aikaci da mai aiki su raba nauyin, kuma kusan kashi 90 na mazauna ƙasar a cikinta suke. Mai babban albashi yana biyan da yawa, mai ƙarami yana biyan kaɗan, yara ba a biya musu komai, amma magani iri ɗaya ake ba kowa gwargwadon cutarsa. Tsarin ya samo asali ne tun 1883 a zamanin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, wanda ya biyo da inshorar haɗarin aiki a 1884 da ta tsufa a 1889. Abin lura shi ne Bismarck ba mutum ne da aka sani da taushin zuciya ga talaka ba. Ya ga ƙungiyoyin ƙwadago suna ƙara ƙarfi, ya lissafa cewa ma'aikacin da ke da abin da zai rasa ba ya saurin tayar da tarzoma, sai ya zaɓi ya saya wa masu mulki kwanciyar hankali da kuɗi. Ina ganin wannan lissafin ya fi wa'azi tasiri a kan masu hannu da shuni, domin bai dogara ga tausayinsu ba, ya dogara ne ga son da suke yi wa barcinsu.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai ɗakuna biyu da ke kallon juna waɗanda nakan tuna idan ana gardamar daidaito. A ɗaya akwai dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a tashar ƙera jiragen ruwa, fanshonsa bai isa biyan kuɗin ɗakin ba, hukumar jin daɗin jama'a ce ke cikasa masa bayan abin da inshorar kula da gajiyayyu ta biya, wadda aka kafa a 1995. A ɗayan akwai tsohuwar da iyalinta suka yi arziki a fatauci, ta zo da kujerunta da zanen bangonta, 'ya'yanta suna kawo mata furanni duk mako. Ba daidai suke ba, kuma ba wanda ya yi da'awar haka. Amma ƙa'idar juya su a kan gado ɗaya ce, likitan da ke duba su ɗaya ne, kuma idan dattijon ya danna ƙararrawa cikin dare, saurin da nake yi zuwa wurinsa shi ne wanda nake yi zuwa wurinta. Mutane sukan rufe wannan magana da cewa ai yatsun hannu ma ba daidai suke ba. Gaskiya ne, sai dai jini ɗaya ne ke zagaya su duka, kuma ba a taɓa ganin hannu mai lafiya wanda babban yatsansa ke ƙiba alhali ƙaramin yana ruɓewa ba. Ba wanda ke neman a mayar da kowa mai kuɗi. Abin da ake nema shi ne a sa iyakar da ba za a bar mutum ya faɗa ƙasa da ita ba, ko shi wane ne, ko a ina aka haife shi.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake kwatantawa. Bremen, wadda birni ce kuma jiha, tana cikin jihohin da suka fi yawan masu fama da talauci a Jamus, kuma ba sai an nuna maka ba. Idan na taso daga aikin dare nakan haɗu da wani tsoho Bajamushe a tashar jirgin ƙasa, da tsabtataccen kwat da ƙaramar tocila, yana leƙa kwandunan shara ɗaya bayan ɗaya yana tsintar kwalaben da ake mayarwa kanti a karɓi 'yan kuɗi. Ba ya kallon kowa a ido, ni ma na koyi kawar da kaina don kada in ƙara masa nauyi. Akwai wuraren raba abinci ga mabuƙata fiye da 900 a faɗin ƙasar, na farkonsu an buɗe shi a Berlin a 1993, kuma layinsu ba baƙi kaɗai ke bin sa ba. Ƙasar ba ta da mafi ƙarancin albashi na bai ɗaya sai a 2015, lokacin da aka sa Yuro 8.50 a kowace awa, aka kai shi Yuro 12 a watan Oktoban 2022. Fiye da rabin mutane a gidan haya suke, kuma kashi 10 na sama sun mallaki fiye da rabin dukiyar ƙasar. A yawancin jihohi ana raba yara zuwa makarantu daban-daban bayan aji huɗu na firamare, suna 'yan shekara goma, kuma ɗan likita ya fi ɗan lebura samun damar shiga wadda ke kaiwa jami'a. Neman gida da suna irin nawa kuwa wani darasi ne na daban, domin sau da yawa ana gaya mini an riga an ba da gidan, washegari kuma in ga tallarsa tana nan.

A lokacin annobar korona ne rufin ya yaye. A shekarar 2020 cutar ta kama ma'aikata fiye da 1,500 a wata babbar mayanka a yammacin ƙasar, galibinsu 'yan ci-rani daga gabashin Turai da 'yan kwangila suka kawo suka cunkusa a ɗakuna. Sai da aka rufe makarantun yankin, aka taƙaita zirga-zirgar mazauna gari, sannan jama'a suka tambayi yadda waɗannan mutane suke kwana. Daga farkon 2021 doka ta hana ɗaukar ma'aikatan yanka da sarrafa nama ta hannun 'yan kwangila a manyan mayankun. Halin da suke ciki ba sabo ba ne, an shekara da shekaru ana rubutu a kansa, amma ba a gyara ba sai da cutar talaka ta ƙwanƙwasa ƙofar mai gida.

Akwai wani ɓangaren lamarin da ya fi shafata, kuma ba shi da daɗin faɗa. Idan ka shiga gidan tsofaffi ko asibiti a nan da tsakar dare ka duba waɗanda ke bakin aiki, za ka tarar da 'yar Filifin da 'yar Bosniya da ɗan Tunisiya da 'yar Indiya da irina. Wannan kyakkyawan tsari da na yaba, da hannuwan da aka ɗebo daga ƙasashen da ba su da irinsa ake riƙe da shi. Jamus tana da likitoci fiye da 40 ga kowane mutum 10,000, alhali akwai ƙasashen yankin Sahel da ba su kai likita ɗaya ga wannan adadi ba. Tun a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin cututtukan duniya, amma kashi 3 cikin 100 kacal na ma'aikatan lafiyar duniya gare ta. Ƙasa matalauciya ce ta kashe kuɗin horar da ni, ƙasa mai arziki ce ke cin moriyar horon ba tare da ta biya ko sisi ba. Na kira tsohuwar shugabata a wurin aiki don in gaishe ta, na ce, "Mama, ina fatan ba ki riƙe ni a zuciya ba." Sai ta ce, "'Yata, ni da na san abin da ake biyanki ba zan ga laifinki ba. Amma ki sani duk wadda na horar har hannunta ya faɗa, sai ta zo ta ce in rubuta mata takardar shaida za ta tafi. Yanzu sai mu tsofaffi da ɗalibai." Ban sami amsar da zan ba ta ba. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare, kuma a 2023 ta lissafa ƙasashe 55 da ta ce bai kamata a riƙa farautar ma'aikatansu ba saboda ƙarancin da suke fama da shi. Sai dai ƙa'idojin na ganin dama ne, kuma ko da na dole ne, ba za su hana mutum neman hanya da kansa ba muddin tazarar albashi tana yadda take.

Wannan tazara tana jawo wa kowa asara, har da waɗanda suke ganin su ne a sama. Allurar rigakafin korona ta farko da aka amince da ita a Tarayyar Turai ta fito ne daga kamfanin BioNTech da ke birnin Mainz, wanda Ugur Sahin da matarsa Ozlem Tureci suke cikin waɗanda suka kafa shi, dukansu 'ya'yan baƙi daga Turkiyya. Sahin ya zo Jamus yana ɗan shekara huɗu, mahaifinsa yana aiki a masana'antar motoci a Kolon. Basirar tana tare da shi tun haihuwa, amma makaranta da ɗakin gwaji ne suka fito da ita. Ba wanda zai iya ƙirga yara masu irin wannan ƙwaƙwalwa da zazzaɓi ya kashe kafin su shiga aji ɗaya, ko waɗanda aka cire daga makaranta don su taya iyaye neman na sawa a baki, kuma maganin da ba su gano ba duniya ce gaba ɗaya ta rasa shi. Ita kanta allurar ta nuna inda aka dosa: a ƙarshen 2021 ana yi mana ta uku a nan, alhali a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda suka sami ko da ta farko ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, har da abokan aikina na da, waɗanda ke tsaye a kan marasa lafiya kullum.

Saurayin nan ɗan Eritiriya na ajinmu ta teku ya zo. Sai da muka saba sosai ya ba ni labari a taƙaice, kuma ban matsa masa ba. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙirga mutum fiye da 30,000 da suka mutu ko suka ɓata a Bahar Rum tun daga 2014, ban da waɗanda hamada ta binne ba a sani ba. Ni na zo a jirgin sama da biza a fasfona saboda Jamus tana buƙatar sana'ata, shi kuma ya zo a kwalekwalen roba saboda ba ta buƙaci tasa ba, amma abin da ya taso da mu daga gidajenmu dangin juna ne. Fasfon Jamus yana shiga ƙasashe kusan 190 ba tare da an nemi biza tun daga gida ba, na Afganistan kuwa bai kai 30 ba. A duk zaɓe a nan maganar baƙin haure ce ke kan gaba, ana ta alƙawarin ƙara tsaron iyaka. Ina fahimtar damuwar Bajamushen da ke ganin haya tana tsada da makarantu suna cika, ba na kuma ɗaukar duk mai wannan damuwa a matsayin maƙiyin baƙi. Amma mutumin da ya san teku tana cin mutane, ya kuma shiga da idonsa a buɗe, ba katanga ce za ta mayar da shi ba.

Abin da ya fi sanyaya mini zuciya a kan wannan al'amari tarihin Jamusawan ne da kansu. A Bremerhaven, kusa da Bremen, akwai gidan tarihin ƙaura da aka buɗe a 2005, a bakin tashar da mutum fiye da miliyan 7 suka hau jirgi suka bar Turai tsakanin 1830 da 1974, mafi yawansu zuwa Amurka. An kwaikwayi ɗakunan ƙasan jirgi inda talakawa ke kwana a kan gadajen katako a jere, an ajiye akwatunansu da wasiƙun da suka aiko gida. Manoma ne da ƙasa ta yi musu kaɗan da masaƙa da injina suka kashe musu kasuwa, wato 'yan ci-rani irinmu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, ba ƙwazo kaɗai ya tayar da ƙasar daga toka ba. Amurka ta zuba wa Yammacin Turai kusan Dala biliyan 13 a shirin Marshall daga 1948, sannan a yarjejeniyar Landan ta 1953 aka yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashin da ake bin ta a waje, aka sassauta sharuɗɗan biyan sauran. Ba a jima ba ta koma mai neman ma'aikata, ta ƙulla yarjejeniya da Italiya a 1955, da Sifaniya da Girka a 1960, da Turkiyya a 1961. A shekarun 1960 da 1970 ma'aikatan jinya kusan 10,000 suka zo daga Koriya ta Kudu, lokacin tana cikin matalautan ƙasashe, suna yin aikin da nake yi yanzu suna aika kuɗi gida. Yau Koriya ta Kudu tana sahun ƙasashe masu arziki, ita ma baƙin ma'aikata take ɗauka.

A cikin gida ma Jamusawa ba su bar tazara ga ƙaddara ba. Jihohi masu ƙarfi suna tallafa wa masu rauni ta wani tsarin rabon kuɗi, Bremen tana cikin masu karɓa, Bavariya ce kan gaba wajen bayarwa, kuma 'yan siyasarta ba sa gajiya da mita a kai. Abin da ba su cika son a tuna musu ba shi ne ita kanta Bavariya ta shafe shekaru fiye da 30 tana karɓa, har zuwa tsakiyar shekarun 1980. Bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990 an ƙirƙiro ƙarin haraji a 1991 wanda aka daɗe ana biya, akasari da sunan gina gabas, domin sun ga matasan gabas suna kwarara yamma, sun kuma gane cewa ba za a hana su da doka ba. Har yau albashin gabas bai kamo na yamma ba, amma ba wanda ke musun cewa an rage nisan. Hujjar da suka yarda da ita tsakanin Bavariya da Bremen ita ce dai hujjar da ke tsakanin Turai da Afirka, bambancin kawai shi ne a can akwai majalisa ɗaya da talakan ke da ƙuri'a a cikinta.

A 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince da muradun ci gaba 17 da ake son cim ma kafin 2030, na goma a cikinsu shi ne rage rashin daidaito a cikin ƙasashe da kuma tsakaninsu. Ba na cikin masu rawar jiki a kan alƙawuran manyan taruka, domin tun 1970 aka tsayar cewa ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na abin da suke samu don tallafin raya ƙasashe, kuma 'yan ƙalilan ne suka taɓa cikawa. A 2023 hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar ta bayyana cewa mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da ke kashe kuɗi a kan kuɗin ruwan bashi fiye da yadda suke kashewa a kan ilimi ko lafiya. Idan na haɗa wannan da abin da aka yi wa Jamus a Landan a 1953, sai in ga dalilin da ya sa kabad ɗinmu na magani ya zama wayam. Ban wanke shugabanninmu ba, domin wani kaso na kuɗin an sace shi ne, kuma tazarar da ke tsakanin mai mulki da talaka a ƙasashenmu ta fi ta nan muni nesa ba kusa ba. Sai dai kuɗin satar ma ba a ƙarƙashin gado suke kwana ba, bankuna da gidajen manyan biranen duniya ne ke karɓar su.

A cikin muradin na goma akwai wani ƙaramin sashe da nake gani da idona duk ƙarshen wata, wato rage kuɗin da ake caja wajen aika kuɗi gida zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 100. A 2023 'yan ci-rani sun aika wa ƙasashe masu tasowa fiye da Dala biliyan 650, abin da ya ninka duk tallafin da gwamnatocin ƙasashe masu arziki suka bayar kusan sau uku, kuma kuɗi ne da ke zuwa kai tsaye hannun uwa da ƙane, su zama kuɗin makaranta da na magani. A wannan shekarar matsakaicin cajin a duniya yana wajen kashi 6, zuwa Afirka kudu da Sahara kuwa ya kusan kashi 8, wato yankin da ya fi talauci shi ne ya fi biya. A kan wannan jimla, duk kashi ɗaya da aka rage daidai yake da Dala biliyan 6.5 da za su isa gidajen da aka yi niyya, ba tare da an ƙara wa wani Bajamushe ko Ba'amurke haraji ba. Tun da aka amince da takarduna na koma cikakkiyar ma'aikaciyar jinya, abin da nake aikawa ya ƙaru, kuma a cikinsa akwai kuɗin karatun 'yar ƙanwata, wadda ke shekara ta biyu a makarantar koyon jinya. Ta riga ta fara tambayata a wane mataki ake fara koyon Jamusanci.